Yatsa Huɗun Alƙasim Maƙeri

Ƙarar ta fito ne daga bayan amalanke, ƙarrr, kamar an ja galma a kan dutse. Bijiman suka tsaya cak. Ɗanasabe ya saki igiya ya zagaya da gudu, ya durƙusa, ya ga abin da yake tsoro. Sabuwar farfelar jirgin ruwansa, wanda ke ɗaure a kan amalanken, ta kafa baki a ƙasa, har ta yi wa dutsen ƙofar maƙera farin zane. Ko taku goma ba su yi ba.

"Tsaya nan!" wata murya ta taso daga cikin rumfa, tari na sarƙe ta. "Kai Ɗanasabe, huɗa za ka yi mani a ƙohwar gida? Damana ta wuce!"

Baba Alƙasim ke nan, maƙerin Tudun Gawo, kwance a gadon kara, sati uku bai taka ƙasa da ƙarfinsa ba. Ƙirji ya ci shi, ƙafafu sun kumbura, amma kunne da baki kam ciwo bai taɓa su ba. Katanga ɗaya ta raba gidansa da na Ɗanasabe, kuma tun Ɗanasabe na yawo ba wando yake shan faɗan wannan tsoho.

Jirgin ruwa a ƙasar Adar, inda dutse ya fi mutane yawa, abin dariya ne, kuma an yi dariyar. Ɗanasabe ya yi rani bakwai yana biɗa, wato ci-rani, a Yawuri cikin masunta, ran nan sai ga shi ya dawo da jirgin katako ɗaure a saman motar albasa. Garin ya yi shekara guda yana ba'a. Wanda ya fi kowa ba'ar shi ne Baba Alƙasim, kuma shi ne ya kwance tsohon injin ban-ruwa ya dasa a cikin jirgin, ya huda wutsiya ya zura dogon ƙarfe ya ɗaura farfela. Shi ne kuma ya ƙera amalanke mai taya biyu ta kai jirgin tabki, don garin yana kan tudu, ruwan kuwa yana can ƙasa, tafiyar rabin awa. Duk da haka bai taɓa sa ƙafa cikin jirgin ba. Ya ce shi mutumin wuta ne, ba abin da ya haɗa shi da ruwa sai alwala.

Daminar tamanin da takwas ta zo da ruwan da tsofaffi suka ce rabonsu da irinsa tun suna samari. Tabki ya cika ya batse, ya haɗiye hanyar Zangon Aƙilu. Cikin wannan ambaliyar tsohuwar farfela ta daki kututturen bagaruwa ta dare biyu. Ɗanasabe ya tafi har Ƙonni, bai samu daidai da ita ba sai wadda ta fi ta girma. Aka hau da jirgin maƙera, Baba Alƙasim ya ɗaura ta, ya zura ƙusa ya buge kanta yadda ba ta ciruwa sai da wuta. Shi ne aikinsa na ƙarshe a tsaye. Da aka kai shi likita a Keita, likitan ya duba ya duba, ya ce a mai da shi gida a ba shi duk abin da ransa ke so. Kowa ya gane, har shi.

Sai ga mai raƙumi da albishir. Husaina, 'yarsa ɗaya tilo da ta rayu, wadda ke aure a Zangon Aƙilu shekara goma sha ɗaya ba haihuwa, ta sauka lafiya, namiji. Gobe suna. Mai jego ba ta ƙetare ruwa. Zagaye ta kan duwatsu wuni guda ne a kan jaki, tsohon kuwa ko masallaci jaki ba zai kai shi da rai ba. Bai roƙi kowa ba. Ya dai dubi Ɗanasabe da ya shigo gaishe shi ya ce, "Ina son in ga yaron ga da idona." Tun daga lokacin Ɗanasabe bai ƙara jin daɗin tuwo ba.

Yanzu ga farfela ta kafe a ƙasa, rana ta ɗaga, gobe da hantsi za a yanka rago.

"Baba, wallahi na auna," in ji Ɗanasabe, yana share gumi. "Jiya na auna, tahin hannu guda tsakaninta da ƙasa. Ba ni magagari kawai in rage mata kunnuwa."

"Magagari! Kande, kin ji? Hauya ya ɗauke ta." Tsohon ya yi dariya har tari ya turnuƙe shi. Inna Kande, matarsa, ta tallafo kansa ta ba shi ruwa, tana hararar Ɗanasabe kamar shi ya kawo tarin. Da ya samu numfashi ya ce, "In ka rage kunne guda ya hi ɗan'uwanshi, jirgin ga rawa za shi yi da mu tsakiyar ruwa. Hwaɗa mani, da kac ce ka auna, bisa mi ka aza sandar gaban amalanke?"

"Bisa turmi."

"Bisa turmi. To turmi za ya ja mu zuwa tabki?"

Dodo, mai bijiman, wanda ke tsaye ya rataya hannuwa a sandarsa, ya fashe da dariya. Makiyayi ne da ke noma a gefen gari, abokin wasan Baba Alƙasim tun suna da baƙin gashi. Shanun Ɗanasabe guda biyu, gajeru masu faɗin ƙirji, sun mutu a farin tamanin da huɗu, tun daga nan aron shanu yake yi duk inda ya samu. Wannan karon na Dodo ya samu, jajaye masu dogayen ƙafafu, ƙahonsu kamar za su taɓo rufin rumfa.

"Dibi wuyansu," in ji tsohon. "Amalanke mai taya biyu, in ka ɗaga mata kai, gindi za ta sauke. Hwarhwela ta ƙara girma, gaskiya na, amma shanun ga su munka manta. Dodo, ranta muna su mu rage masu ƙahwahu."

"Rage naka, maƙeri, ai ba aikin da suka yi maka yanzu," in ji Dodo.

Inna Kande ta ce, "Subhanallahi, Dodo!" Amma tsohon ya ji daɗin maganar fiye da maganin likita, ya yi ta dukan tabarma da tafin hannu.

Ɗanasabe kuwa kunya ta rufe shi. Rani bakwai a bakin kogi, ga shi turmi ya kayar da shi a gaban makiyayi.

Baba Alƙasim bai taɓa riƙe ma'aunin Nasara ba. Da karan gero yake awo. In ya auna abu sai ya yanke karan daidai, ya soke shi a cikin rufin rumfar maƙera, kuma ba ya jefarwa. Rufin nan cike yake da kara, dogo da gajere, duk hayaƙi ya baƙanta su, ba rubutu ba alama, amma ya san kowanne. Akwai faɗin ƙofar masallaci, akwai ƙotar gatarin liman, akwai bakin rijiyar kasuwa. Ya ɗaga yatsa ya nuna.

"Kande, na ukku daga gungumen can. A'a, wanga na ƙyauren gidan maigari na. Na kusa da shi. Yawwa."

Ta zaro wani dogon kara ta busa masa toka. Tsohon ya miƙa wa Ɗanasabe. "Tsawon wuyan shanunka na, daga ƙasa har inda karkiya ka zama. Ran da za ni ƙera amalanken ga na auna su."

Ɗanasabe ya riƙe karan yana jujjuya shi. Shekara huɗu da mutuwar shanun nan, shi da kansa ya fara manta kamanninsu, ashe tsawonsu na nan soke a rufin maƙwabci. Ya juya baya kamar yana duba taya, don kada Dodo ya ga idonsa.

Aka jingina karan a kafaɗar jan bijimi. Wuyansa ya ɗara karan da taƙi guda da yatsa uku. Tsohon ya sa aka yanko sabon kara daidai wannan ratar, ya ce za a ƙera dogon maratayi na ƙarfe, a rataya sandar gaba a ƙarƙashin karkiya, ta sauko inda take a zamanin gajerun shanu. Wutsiyar jirgi kuma a ɗaga ta da guntun icen gawo, saboda girman da farfela ta ƙara.

"Kauri nawa?" in ji Ɗanasabe.

"Auna abin da ta ƙara. Sannan ka daɗa yatsa huɗu."

"Na mi, Baba?"

"Na lumhwashi. Shekara hamsin ina aiki, komi na auna sai na daɗa mai yatsa huɗu. Ƙyaure na kumbura da damana, taya na saɓewa da nauyi, hanya na da tudu. Abin da an ka yi daidai cif, bai daɗewa."

Sai aka hura wuta. Inna Kande ta ɗaure zani ta zauna ga zugazugi, abin da rabonta da shi tun tana amarya, lokacin da ba su da mai taimako. Dodo ya riƙe awartaki yana ƙorafin an mai da shi bawan maƙera. Ɗanasabe ya ɗauki masaba. Tsohon ya sa aka juya gadonsa, amma ba ya iya ɗaga kai ya ga maƙerar, sai ya rufe ido yana aiki da kunne.

"Ya huce, mai da shi wuta. Ba ka ji kukan ya sake ba?"

Aka mayar, aka fitar, aka buga.

"Sannu dai! Ƙarhe na, ba ɓarawo ba. Dodo, juya shi. Kai, hannun ga naka nono kaɗai ya sani."

"Nonon da ka sha har ka tsuhwa," in ji Dodo.

Maƙwabta suka fara taruwa, don an daɗe ba a ji masaba a gidan nan ba. Wasu mata sun zo da fargaba, sun zaci wani abu ne, suka tarar da mara lafiya yana zagin mutum biyu a lokaci guda, suka koma suna hamdala. Maratayin farko ya karkace, aka sake. Na biyu tsohon ya shafa shi da yatsu bayan ya huce a ruwa, ya juya shi, ya ce, "Mummuna na, kamar mai shi. Amma shina riƙewa." Ɗanasabe ya san a bakin Baba Alƙasim wannan yabo ne, ya ji zuciyarsa ta yi fari.

Da la'asar aka sassaƙa icen gawo aka cusa ƙarƙashin wutsiya, aka ɗaure da igiyar rama, aka ɗaura shanu. Suka ja amalanke har bakin masallaci suka dawo, farfela ba ta taɓa komai ba. Ɗanasabe ya fara murna, tsohon ya ce ya adana murnarsa sai an wuce Matakala. Wani dutse ne a gangaren tabki inda hanya ke faɗawa ƙasa gaba ɗaya kamar tsani, kuma nan ne wutsiyar amalanke ta fi kusantar ƙasa.

Da gari ya waye, bayan an fito masallaci, aka shimfiɗa tabarma da bargo a cikin jirgin tun yana kan amalanke. Maza huɗu suka ɗauko Baba Alƙasim, ya sha farar riga da rawani, bai fi nauyin damin gero ba. Ɗanasabe ya ji wannan rashin nauyin a hannunsa, amma bai nuna ba. Inna Kande ta hau ta zauna a gefensa da ƙwaryar fura da ƙullin goro.

Haka suka ratsa Tudun Gawo, mutum kwance cikin jirgin ruwa, shanu na jan sa a kan duwatsu. Gari ya fito kallo. Mata na guɗa daga kan katanga, masu shayi suka miƙe suna ɗaga kofuna. Tsohon ya ɗaga hannu ɗaya yana amsa gaisuwa kamar mai sarauta.

"Sarkin ruwa, a sauka lahiya!" wani ya yi kira.

"Ku yi mani addu'a," ya amsa, "direban da turmi shika awo!"

A Matakala dariya ta ɗauke. Dodo ya shiga gaban shanu yana yi musu magana a hankali da Fulatanci, suka sauke ƙafafun gaba, tayoyi suka zo bakin dutsen suka sulala. Wutsiya ta yi ƙasa. Ɗanasabe ya runtse ido yana jiran ƙarar jiya. In farfelar nan ta lanƙwashe a nan, ba wata a duk ƙasar Keita, kuma ba wani sunan da za a sake.

Ba a ji komai ba sai numfashin shanu.

"Tsai da su nan," in ji murya daga cikin jirgi. "Ɗanasabe, kwanta ka sa hannu."

Ya kwanta rub da ciki a kan dutse da rigarsa ta suna, ya zura hannu tsakanin kunnen farfela da dutsen. Yatsunsa huɗu suka shige, ba matsi, ba saura.

"Huɗu, Baba!"

"To mi kaka jira? Rago na can shina jiranmu."

A bakin ruwa aka tura amalanke da baya har jirgi ya taso. Injin ya yi tari sau biyu kamar mai ƙera shi, a ja na uku ya kama. Babbar farfela ta haƙa ruwa, jirgin ya zabura yadda bai taɓa yi ba. Baba Alƙasim, wanda ya yi shekara hamsin yana kama jan ƙarfe ba ko gezau, ya damƙe gefen jirgi da hannu ɗaya, ya damƙe zanin matarsa da ɗayan, yana salati da ƙarfi.

"Sake mani zane, Malam, ka kunyata ni gaban mutane!"

"Wane mutane? Kihi?"

Da suka yi nisa tsoron ya sake shi. Ya sa aka jingina shi da buhu, ya ga kawunan bagaruwa sun leƙo daga ruwa, farin balbela a kansu, ga gero ya yi kai a kan tudu ta kowane gefe. Ya saurari injin ya ce man ya yi yawa kaɗan. Sannan ya sa yatsu cikin ruwa ya bar su suna jan layi, fuskarsa a sake. Ɗanasabe na riƙe da matuƙi yana kallonsa, murna da baƙin ciki suka cakuɗe masa har bai san wanda zai bi ba.

Sun iso ana shirin kwantar da rago. Mutanen Zangon Aƙilu suka ɗauko tsohon a kan tabarma har zaure, liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya: Alƙasim. Tsohon ya ce an cuci yaro, an ba shi sunan mafaɗaci, amma hawaye na bin gemunsa.

Aka shiga da shi ɗakin mai jego. Husaina ta gan shi a ƙofa, ta ga yadda ya koma, ta toshe baki da mayafi.

"Baba, cikin ruwa kuka biyo? Kai da ko rijiya ba ka leƙawa?"

"Bari kuka, ɗiyata. Miƙo mani maigidan."

Ta ɗora masa jaririn a cinya. Ya daɗe yana dubansa, ya buɗe ɗan tafin hannun ya ce hannun masaba ne. Sai ya ce a zaro masa kara daga danga. Ya shimfiɗa shi a gefen yaron daga kai zuwa diddige, ya karya daidai, ya cusa cikin aljihu. Mata suka yi ta dariya, wai maƙeri ya zo auna jika kamar ƙyaure. Ranar ya sha fura ludayi uku, ya ci loma biyu ta naman suna, abin da bai yi ba cikin sati uku.

Bayan sun dawo gida ya ƙara kwana tara a duniya. Karan jikan ya sa aka soke masa a rufin rumfa daidai inda idonsa ke sauka in yana kwance. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ji labarin turmi, kullum ana ƙara masa gishiri. Ran nan Dodo na zaune, tsohon ya ce, "Dodo, ka zama shaida. Ran da za a auna ni, kar a ba Ɗanasabe kara. Sai shi sa a gina mani rami daidai turmi." Aka yi dariya, har Ɗanasabe, ko da yake tasa ba ta kai ciki ba. Da zai fita tsohon ya riƙo bakin rigarsa, ya ce a hankali, "Kai za ka yi shi. Ka iya yanzu."

Ya cika ranar Talata da hantsi, Inna Kande na dama masa kunu, Dodo na ba shi labarin wata saniya mai taurin kai. Dodo ya kai ƙarshen labarin bai ji an zage shi ba, sai ya duba.

Bayan an yi wanka an sa likkafani, masu haƙa suka aiko a kawo awo. Liman ya waiwaya yana neman wanda zai yi, Dodo ya nuna Ɗanasabe da haɓa. Ɗanasabe ya je danga ya zaɓi kara mafi tsawo da miƙewa, ya kankare shi, ya shiga rumfa ya durƙusa. Ya shimfiɗa karan a gefen maƙwabcinsa daga kai zuwa diddige, ya sa babban yatsa a wurin. Ya ɗauko wuƙa. Sai ya dakata, ya jera yatsunsa huɗu a gaban alamar, ya yanke a bayansu.

Inna Kande na tsaye a bakin ƙofa, ta gani. Ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta matsa ta ba shi hanya. Ya fito da karan a hannu, ya wuce amalanke da jirgin a kanta, ya bi hanyar maƙabarta.